Tsakanin M da L: na ɗauki babban, tela kuma ba ya rage ƙarfe

Tsawona santimita 176. Kusan kowane jadawali da kamfanonin keken tsauni ke bugawa a kan iyaka yake ajiye ni, inda matsakaicin girma, M, ke ƙarewa, babba, L, ke farawa. Da kaya suka iso daga Duwala wurin wani mai sayar da kekunan Turai na hannu a nan Garwa, sai na tarar da VTT, wato keken tsauni, guda biyu iri ɗaya: kamfani ɗaya, taya inci 29, firam (gangar jikin keken) na alminiyam, ɗaya inci 17 (M), ɗaya inci 19 (L). Kuɗinsu ma ɗaya, sefa dubu 135. Na hau kowanne na zaga bakin kwalta kamar minti biyu. Mai kayan ya ce, "Alhaji, kuɗin fa ɗaya ne. Wa zai bar sa ya ja maraƙi?" Na ɗauki babban.

Mu da aka rena da sayen riga mai yalwa don "za ka girma ka cika ta", wannan magana tana shiga kunnenmu da sauƙi. Na manta cewa na gama girma tuntuni, kuma riga in ta yi yawa akwai tela.

A kan kwalta ba abin da ya nuna. Daga Yelwa zuwa gadar Binuwai da dawowa, lafiya lau. Sai da na shiga hanyoyin ƙafa na gindin dutsen Tingelin, ta wajen hanyar Pitowa, keken ya fara gaya mini gaskiya. A gangare mai tsakuwa mutum yana bukatar ya tashi daga sirdi ya tura ƙugunsa baya, gwiwar hannu a lanƙwashe. Ni kuwa hannuwana tun ina zaune a miƙe suke sambal, ba sauran abin da zan ƙara. In na tura jiki baya, yatsuna su zame daga birki. In na riƙe birki, nauyina ya tafi gaba. A kwana mai yashi kuma tayar gaba ta riƙa zamewa, domin ina zaune can baya da nisa daga gare ta, ba nauyin da zai danne ta. Da na tsaya a wani karkataccen wuri na sauke ƙafa ɓangaren da ƙasa ta yi zurfi, ƙarfen sama, wanda ya miƙa daga ƙarƙashin sirdi zuwa gaban keken, ya same ni inda ba sai na faɗa ba.

Bayan awa ɗaya da rabi: tafin hannu ya mutu, ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna zugi, tsakanin kafaɗu kamar an ɗora mini buhun masara, kuma na lura duwawuna kullum a kan hancin sirdi yake, jiki yana neman gajarta tazarar da kansa. Waɗannan huɗun su ne shaidun firam ya yi maka tsawo. Ni na ɗora laifin a kan zafin watan Maris.

Awon da ya kamata in yi kafin in ba da kuɗi bai fi na minti goma ba, da tef ɗin tela da littafi mai kaurin bango. Ka cire takalmi, ka sa gajeren wando (ba wandon kaftani mai zurfin hantsa ba, zai ci maka santimita uku ko huɗu), ka jingina da bango, tsakanin ƙafafunka kamar santimita 15. Ka tura littafin sama tsakanin cinyoyinka da ƙarfi yadda sirdi ke dannawa, wani ya sa alama a bango daidai saman littafin. Daga ƙasa zuwa alamar, nawa 81 ne. Akwai lissafin da aka saba yi: a ninka da 0.226 a sami girman firam a inci. Nawa ya ba da 18.3. Ka ga ke nan, lissafin ma a tsakiya ya bar ni, tsakanin 17 da 19. Don haka nake cewa ga mutumin da ke kan iyaka, harafin M ko L da lambar incin da ke manne a bututun sirdi sun gama aikinsu da zarar sun nuna maka kekuna biyun da za ka zaɓa tsakaninsu. Hukuncin a wani wuri yake.

Na farko shi ne ratar da ke tsakaninka da ƙarfen sama. Ka tsaya da takalmin da za ka hau da shi, keken a tsakanin ƙafafunka, gaban sirdi kaɗan, ka ɗaga shi ta kai (inda ake riƙewa) da sirdi har ya taɓa ka, wani ya duba nawa tayoyin suka bar ƙasa. Don hawan duwatsu kada ta gaza santimita 5, in ta kai 7 zuwa 10 ya fi. A kan na inci 19 ɗin, 3 na samu. A shimfiɗaɗɗen siminti 3 tana kama da isa. A kan dutse, inda ƙafarka kan sauka ƙasa da inda taya take, 3 daidai take da babu. Kuma wannan rata ba abin da za ka saya ka ƙara ta. Walda ce ta ajiye ƙarfen a wurin.

Na biyu, wanda ya fi cin kuɗina, shi ne miƙa: tazarar da ke tsakanin cibiyar feda da saman bututun wuya (gajeren bututun gaban firam da kai ke juyawa a cikinsa), a kwance. Kekunan hannu ba sa zuwa da takarda, amma bango zai ba ka ita. Ka jingina tayar baya da bango, keken a tsaye cak a kan shimfiɗaɗɗen daɓe. Ka auna daga bango zuwa tsakiyar cibiyar feda, ka auna daga bango zuwa tsakiyar saman bututun wuya, ka cire na farko daga na biyu. Na babban ya ba ni milimita 445, na ƙaramin 420. Santimita biyu da rabi ke nan, sai ka ce ba komai ba ne. Amma kamfani kan sa wa babban firam dogon wuya, wato ƙarfen da ke riƙe kan keke, abin da masu gyara a nan ke ce wa potans. Na babban milimita 90 ne, na ƙaramin 70. In ka haɗa, hannuna yana tafiya santimita huɗu da rabi gaba fiye da inda ya kamata. Daga hancin sirdi zuwa tsakiyar kan keke, 57 a kan babban, 52 da rabi a kan ƙaramin.

Tsohon da ke yi mini gyara bai taɓa riƙe tef ba a wannan magana. Ya ce, "Ɗana, sa gwiwar hannunka a hancin sirdi, miƙe yatsu." Na sa. Ya jera yatsunsa a ragowar filin zuwa kan keken, huɗu suka shiga, da sauran wurin wasu biyu ko uku. Ya ce, "Kamu ɗaya da yatsu huɗu, in ya wuce haka keken yayanka ne ka aro." Na ce, "Baba, ai ba ka faɗa mini ba." Ya ce ai ban tambaye shi ba sai da na biya. Awon nasa na kintace ne, tsawon sirdi ma yana canza shi, ba zan ce a dogara da shi kaɗai ba. Amma a jikina ya zo daidai da abin da tef ya nuna.

Na uku shi ne gaba, irin wadda ake auna igiya da ita: ka buɗe hannuwa biyu a jikin bango, a auna daga ƙarshen dogon yatsa zuwa ɗayan. In gabarka ta fi tsawonka da santimita uku ko sama, kana da hannun da zai iya cika babban firam. In ta yi daidai da tsawonka ko ta gaza, koma ƙaramin. Tawa 174 ce, ta gaza tsawona da biyu. Da na yi wannan awon kaɗai, wanda ko keken ba ya bukata, da ban shiga abin da na shiga ba.

Maimakon in mayar da keken tun da wuri, sai na tsaya gyaran abin da ba ya gyaruwa. Na sa aka aiko mini da gajeren wuya, milimita 60, daga Duwala a motar fasinja. Da ya iso, bakinsa na kan keke mai kaurin milimita 25.4 ne, nawa kuwa 31.8. Laifina ne, ban auna ba. Wuya yana da awo uku da dole ka faɗa wa mai aiko maka: tsawonsa, faɗin bakin da ke kama kan keke (25.4 a tsofaffin kekuna, 31.8 a mafi yawa, 35 a wasu sababbi), da faɗin ramin da ke kama sandar cokali (cokali shi ne ƙarfen da ke riƙe tayar gaba), wanda galibi 28.6 ne. Na sake aikawa. Wajen ɗaurawa, in sabon wuyan bai kai tsohon tsayi a jikin sandar cokali ba sai ka cike da zobba, har saman sandar cokali ya zauna milimita biyu zuwa uku ƙasa da bakin wuyan. Ka fara ɗaure kusar murfin sama a hankali har girgiza ta ɓace, sannan ka daidaita kai da taya, sannan kusoshin gefe da makullin alen na 4 ko 5. Kada ka danne su da dukan ƙarfinka, yawanci 5 Nm (awon ƙarfin ɗauri) ake rubutawa a jiki, kuma alminiyam ba ya gargaɗi kafin haƙoransa su cinye.

Wannan ya dawo mini da santimita uku. Saura ɗaya da rabi, sai na tura sirdi gaba a kan ƙarafunansa har ƙarshe. Nan ne na yi garin neman gira. Sirdi ba don gyara tazarar hannu ake matsa shi ba, don ƙafa ne, don gwiwa ta zauna daidai a kan feda. Cikin mako biyu gaban gwiwata ta dama ya fara ciwo a duk hawa. Na mayar da shi inda yake, ciwon ya tafi, kafaɗa ta dawo da nata. Ratar ƙarfen sama kuwa tana nan a 3 ɗinta, ba ta san an yi ba. Tsawon keken daga taya zuwa taya ma bai ragu ba, don haka a ƙananan kwanoni tsakanin duwatsu har yanzu kamar ina juya amalanke nake.

Wata biyar na yi a haka kafin in sayar da shi ga wani dogon mutum, mai wajen 185, a kan dubu 105. Ya hau, ya zauna kamar an auna shi aka ƙera. Na inci 17 ɗin da na bari an daɗe da sayar da shi, sai da na jira wani kaya. Dubu 30 ta tafi a faɗuwar farashi, wuya biyu da kuɗin aike sun ci wajen dubu 14.

Ba ina cewa ƙaramin ba shi da tarko ba. Nasa yana wajen sandar sirdi. Tsayin sirdi daga cibiyar feda zuwa samansa kusan tsawon ƙafarka ne a ninka da 0.883, nawa 71.5. Bututun sirdi na inci 17 santimita 43 ne da ɗan kai, wato sai sanda da sirdi sun cike 28. Cire kaurin sirdin kansa, wajen huɗu da rabi, sanda za ta fito kusan 24. In sandar mai tsawon 35 ce, 11 ne kawai ya rage a ciki, kuma layin iyaka da ke zane a jikinta galibi wajen 10 yake. Da ƙyar na tsira. Wanda ƙafarsa ta fi tawa da santimita biyu zai ga layin a waje, kuma hawa da layin a waje shi ke tsaga firam daidai mahaɗar bututun sirdi da ƙarfen sama. Alminiyam kuma ba kowane mai walda ke iya masa ba. Maganin sanda mai tsawon 40 ce, amma ka auna kaurinta: 27.2, 30.9 ko 31.6, lambar tana buge a ƙasan tsohuwar. Kada wani ya ce maka a cusa yankin gwangwani a cike.

In sirdi ya tashi haka, kan keke yakan yi ƙasa da yawa ga mai dogayen ƙafafu. Sandar cokalin keken hannu an riga an yanke ta, ba za ka ƙara zobba fiye da waɗanda ka tarar ba. Abin da ke hannunka shi ne ka mayar da zobban duka ƙarƙashin wuya, ka juya wuyan ya kalli sama, ko ka sa kai mai tashi na milimita 20 zuwa 30. In duk ka yi wannan gwiwarka tana taɓa kai sa'ad da ka miƙe kana taka hawa, ko ƙasan bayanka yana dunƙulewa, to ƙaramin ya yi maka kaɗan da gaske, babban ne naka. Haka ma wanda tafiyarsa doguwa ce a miƙaƙƙiyar hanyar jar ƙasa, ba hawa ba gangara, shi tsawon firam natsuwa yake ba shi, ratar ƙarfen sama ba ta cika damunsa ba.

Abu ɗaya da ya ba ni mamaki a neman keke na biyu: M ɗin wani kamfani ya fi L ɗin da na sayar miƙa. Kekunan shekarun baya-bayan nan ana yin su da dogon firam, gajeren wuya na milimita 35 zuwa 50, da gajeren bututun sirdi, alhali na shekaru goma sha da suka wuce gajeren firam ne da dogon wuya. A kwantena ɗaya za ka tarar da iri biyun a haɗe, duk da harafi ɗaya a jiki. Saboda haka yanzu lambobi uku ne a rubuce a wayata, 71.5 na tsayin sirdi, 52.5 daga hancin sirdi zuwa kai, da 7 na rata, kuma tef yana aljihuna. Nakan daidaita sirdi tukuna kafin in auna sauran, domin yana tashi yana ja baya, tazarar tana ƙaruwa.

Gwajin hawa kuma ba a kan kwalta ba. Ka nemi izinin mai kaya ka sauka gefen hanya inda akwai yashi da ɗan tudu. Ka tashi tsaye ka tura ƙugu bayan sirdi, ka ga ko yatsa ɗaya yana nan a kan birki gwiwar hannu kuma da sauran lanƙwasa. Ka yi matsattsiyar kwana hagu da dama a hankali. Ka taka birki ka diro gaba da ƙafa biyu. Na yanzu da nake hawa, inci 17 da wuya 70 da sanda 40, haka na gwada shi, mai kayan yana ta mita wai zan ɓata masa taya. Wuyan nan mai baki 25.4 kuwa yana nan cikin akwatin kayan gyarana, har yau ban sami wanda kan kekensa ya dace da shi ba.