Shayi mai kauri da bakteriyar hanjina

Na shiga karatun ƙananan halittu da wani tunani da na taso da shi a Agege, cewa ciki gado ne. Kakata takan ce mu cikinmu ba ya son madara, kuma da gaskiyarta: duk safiyar da na sha shayi mai kauri wurin mai shayi, kafin motarmu ta kai Yaba cikina ya fara ƙugi. Abokina Bafulatani kuwa ko gezau. Sai na ɗauka bakteriyar hanjina ma gadonta na yi, kamar yadda na gaji hancin babana.

Malamar da ke duba aikina ta fara ba ni binciken 2014 a kan tagwayen Ingila sama da 800. An gano tagwaye 'yan ƙwai ɗaya sun fi sauran tagwaye kamanceceniya a bakteriyar hanji, musamman dangin Christensenellaceae. Har na fara murna, sai ta ce, "Malam, kada ka yi saurin yanke hukunci," ta miƙo mini na 2018 daga Cibiyar Weizmann ta Isra'ila, a kan mutum 1,046. Can kuma, waɗanda ke zaune gida ɗaya ba tare da dangantakar jini ba, bakteriyarsu ta yi kama, dangin da ba su taɓa zama tare ba kuwa kowa da tasa. Abinci da magunguna da muhalli sun fi gado ƙarfi nesa ba kusa ba.

To ina gadon ya shiga? A madarar nan tawa. Akwai ƙwayar gado mai suna LCT da ke sa hanji ya samar da sinadarin narkar da sukarin madara. A yawancin mutane aikinta yakan ragu bayan yaye, amma a Fulani da dama yana ɗorewa har girma. Tun 1971 Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya zama ministan lafiya daga baya, da abokan aikinsa suka nuna wannan bambanci tsakanin Fulani makiyaya da Yarabawa da Ibo. Sukarin da jikina ya kasa narkarwa sai ya gangara babban hanji, wata bakteriya mai suna Bifidobacterium ta samu kalaci ta yi yawa. Babban binciken 2021 a kan mutum 18,340 ya tabbatar da alaƙar LCT da wannan bakteriya, kodayake galibinsu Turawa ne, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Shi ya sa yanzu kafin in karɓi samfurin bayan gida, sai na tambayi mutum abin da yake ci da maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya saya a kemis, kafin in tambayi asalinsa. Ni ma na koma fura da nono, tunda tsami ya riga ya rage sukarin. Da na yi wa Kaka duk wannan bayani, cewa ta yi, "Ɗan nan, sai da ka je jami'a ka san nono ya fi madarar gwangwani?"