Dogon gilashi ya kusa kurmantar da ni

Asabar, bayan Isha'i.

Har yanzu kunnena na hagu bai daina ƙara ba, wata 'yar siririyar ƙara kamar sauro ya shige ciki ya ƙi fita. Jiya da daddare na iso gida daga Abuja, kuma tun daga Keffi har Akwanga kaina rawa yake yi a cikin hular kwano, kamar wani ya riƙe ta ta ƙeya yana jijjigawa. Rubutun allunan hanya ma bibbiyu nake ganinsa. Da na shigo, uwargida na yi min sannu da zuwa, ni kuma sai "Na'am? Me kika ce?" nake yi, har ta ce, "Abban yara, wannan mashin sai ya kurmantar da kai kafin ka gama biyan bashinsa." Ban tanka ba, don da gaske ban gama biya ba.

Sabon gilashin gaban mashin da na saya daga Legas ya iso tun ranar Alhamis, ƙanena ya karɓo min a tasha. Ba mai suna ba ne. Na leƙa farashin Givi na Italiya da Puig na Sifaniya da MRA na Jamus, na rufe wayar a hankali na nemi daidai aljihuna. Wanda na saya ɗin ya fi na asalin tsawo da santimita 12, kuma a lissafina magana ta ƙare: gilashi ya yi tsawo, iska ta wuce ta sama, ni kuma in zauna a baya kamar mai tuƙa mota.

Sanyin safiyar yau ba na wasa ba ne. Jos ke nan, garin da ke zaune a kan tudu mai tsayin mita 1,200 da wani abu, ga hunturu, ga hazo ya rufe duwatsun Shere gaba ɗaya. Sai da na sha kunu da ƙosai, rana ta ɗan ɗaga, sannan na ɗaure kwalin a bayan mashin na nufi Dilimi. Takarduna suna aljihun gaba kamar kullum, don tun da aka hana acaɓa a Jos da Bukuru zamanin Gwamna Jonah Jang, mai mashin na kansa ma ba ya rasa wanda zai tsayar da shi ya yi masa tambayoyi.

Baba bakanike yana zaune a kan tsohuwar taya yana jin ɗumin gawayi. Ya buɗe kwalin, ya ɗaga gilashin ya duba ta cikinsa, ya dube ni, ya ce, "Malam, wannan ai ƙofar shago ka sayo." Yaransa suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma a raina na ce za ka gani.

Ɗaurawar ba ta da wuya, noti huɗu ne da alanki. Sai dai kowane noti yana shiga cikin wata 'yar roba mai ƙarfe a ciki, kuma ɗaya ta suɓuce ta faɗa bayan fitila, muka ɓata kusan rabin awa ana zura waya ana lalube. Baba bai bar yaro ya ɗaure ba, shi ya karɓa da kansa, yana juyawa da yatsu biyu kawai. Ya ce in an matse da ƙarfi, tsagewa za ta fara daga bakin ramin ta yi ta tafiya. Muna kiransa gilashi ne kawai, amma roba ce mai tauri, ko dai akirilik ko folikabonet. Na farkon ya fi saurin tsagewa, na biyun ya fi jure duka amma ya fi saurin karcewa. Muna cikin wannan maganar na hango ƙaramin yaron shagon ya ɗauko tsumman da ya jiƙe da fetur zai goge min shatin yatsu. Wallahi ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. Fetur dusashe robar yake yi, ya bar ta da ƙananan tsage-tsage. Yaron ya tsorata, na ji kunya, daga baya na saya masa rake.

Na fita gwaji wajen ƙarfe goma sha ɗaya. A cikin gari, daɗi. Sanyin da ke dukan ƙirjina ya ɗauke, har na fara tsara abin da zan faɗa wa Baba. Na wuce Bukuru, hanya ta buɗe, na murɗa totur. Ina kaiwa gudun kilomita 90 a awa sai abin ya dawo, kuma ya fi na jiya muni. Da can jijjiga ce, yanzu kuwa duka ne, bum-bum-bum a kan hular, kamar ana kaɗa ganga da kaina. Ga shi bakin gilashin ya tsaya daidai saitin idona, ya raba min hanya biyu, rabi ta cikin roba mai ƙura, rabi ta sama.

Na tsaya a Mararabar Jama'a kusa da masu dankali, na kashe mashin na zauna shiru. Kuɗin ne ya fara faɗo min a rai, sai fuskar uwargida.

Da na juyo sai na yi wani abu da ya kamata in yi tun kafin in tura ko sisi Legas. Inda babu mota gaba babu baya, na rage gudu, na ɗaga hannun hagu na riƙa lalubar iskar. Dab da bayan gilashin shiru, kamar cikin ɗaki. Na ɗan matsa sama, sai na ji wurin da iskar ke yamutsewa tana kaɗa min yatsu ta ko'ina. Na ƙara sama kaɗan, sai ga iska mai ƙarfi amma miƙaƙƙiya, ba ta rawa. Yamutsattsen wurin nan kuwa ya faɗo daidai goshina da kunnuwana. Na miƙe tsaye a kan matakai na ɗan lokaci, kaina ya shiga miƙaƙƙiyar iskar, sai ƙarar ta ragu nan take. Ashe ba yawan iska ne ke wahalar da ni ba, wurin da take karyewa ne. Tsohon gilashin yana jefo min ita a haɓa, sabon ya ɗaga ta ya ɗora min a kunne.

Baba bai ce "ai na faɗa maka" ba, Allah ya saka masa. Ya sa na hau na zauna yadda nake zama a doguwar tafiya, ba a miƙe kamar mai ɗaukar hoto ba, ya tsaya a gefe yana auna bakin gilashin da fuskata da sandar tsintsiya. Ya ce bakin ya tsaya wajen saitin hanci, in riƙa kallon hanya ta samansa, don ranar da ruwan sama ko ƙura ya rufe shi kada in zama makaho. Muka sauko da shi zuwa ramukan ƙasa.

Abu na biyu shi ne ya fi burge ni. Ya ce bayan gilashi babu iska, kamar rami ne, kuma iskar gefe da ta ƙasa, wadda ke hawowa ta wajen shokozoba da gefen tanki, rububin cike ramin take yi, shi ya sa take murɗawa. Gilashi ya ƙara girma, rami ya ƙara girma. Maganinsa a bar wata iskar ta shigo ta ƙasan gilashin ta hau ta bayansa. Ya yanko guntayen tiyon mai guda huɗu, na ƙasa sun fi na sama kauri, ya nemo dogayen noti da washa, ya tura gilashin gaba har yatsana yana shiga tsakaninsa da jikin mashin. Hakan ya sa ya ɗan ƙara kwantawa baya. Madubai ma ya ɗan buɗe su waje, wai su ma suna jefo tasu.

Muka yi Azahar, na ci shinkafa da wake a nan bakin shagon, na sake fita. Wannan karon na zarce har Riyom, inda duwatsun nan da ke ɗore a kan juna suke. A 90 shiru. A 100 akwai 'yar rawa, amma ina karanta allo sarai, kuma ina jin ƙarar injina, abin da na manta rabona da ji a irin wannan gudun. Sama da haka ban gwada ba, ba na kuma so. Ƙarfin iska ba a hankali yake ƙaruwa ba, in ka ninka gudu daga 50 zuwa 100, sau huɗu yake ninkuwa, kuma tiyon mai ne ke riƙe da gilashina. Wata tirela ta taho daga Hawan Kibo muka gifta juna, ta watso min iskarta ta gefe, mashin ya yi tangaɗi kamar kullum. Wannan babu gilashin da zai hana.

A hanyar dawowa na tsaya kemis a Bukuru na sayi 'yan soson toshe kunne. Ƙarar da ta wuce desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, in ta daɗe, cin kunne take yi a hankali, kuma iskar babbar hanya a cikin hular kwano tana wuce haka. Mai kemis ɗin ta ɗauka minsharin wani ne ya dame ni.

Na iso gida dab da Magariba. Na wanke gilashin da ruwa da ɗan sabulu, na bar ruwan ya kwashe ƙurar tukuna kafin in sa tsumma mai laushi. Duk da haka na ga wani ɗan karce a gefen dama, ban san ko a shago ne ko a hanya ba. Uwargida ta leƙo ta ce, "To, an dace?" Na ce rabi da rabi. Ta ce, "Aƙalla yau ka ji ni tun a karon farko."

Tsohon gilashin yana ƙarƙashin gado, na naɗe shi da tsohon zani, ban yarda ƙanena ya ɗauka ba tukuna. Litinin bayan Asuba zan sauka Hawan Kibo, kuma na riga na sa alankin da noti biyu a aljihun jaket.