Asabar a Belvoir, da labarin Lady Diana

Yau ba lakca, ƙawata da muke kwas ɗaya ta samu aron mota tace mu fita daga Nottingham mu sha iska, sai muka nufi Belvoir, gidan sarautar nan dake gefen Grantham. Akan tudu yake, tun daga nesa kake hango shi, sanyi kuwa yau ba'a magana, yatsuna har sun ƙi riƙe waya. Gidan Duke ɗin Rutland ne, kuma har yanzu zuri'ar suna ciki, wani ɓangare kawai suke buɗewa baƙi. Mun zaga ɗakuna, zane-zanen kakanni a bango, kujerun da aka ɗaure da igiya kar a zauna, gaskiya ni duk wannan bai wani tsaya min a rai ba.

Wata tsohuwa cikin masu yiwa baƙi bayani ce ta ambaci sunan Lady Diana, ni na zaci matar Charles take nufi, tace a'a, wannan ta rigata da nisa, ɗiyar gidan nan ce kuma 'yar fim ce. Nace 'yar fim?? ɗiyar Duke? Duke fa shine sarauta mafi girma a Ingila in ka cire gidan sarki. Daga nan ban ƙara jin daɗin kallon kujeru ba, muna zama shan shayi na hau bincike a waya har shayin ya huce, ƙawata na cewa ke dai in abu ya kama ki shikenan.

Sunanta Diana Manners, an haife ta 1892, itace auta. A zamaninta ana cewa ba yarinyar da ta kaita kyau a Landan, jaridu basa rabuwa da hotonta. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke ta tafi asibitin Guy's tana jinyar marasa lafiya, su kuma samarin da suka taso tare ɗaya bayan ɗaya aka dinga kashe su a fagen daga, Raymond Asquith ɗan firaminista a 1916, Edward Horner da Patrick Shaw-Stewart a 1917. Wannan wajen ya taɓa ni sosai wallahi, yarinya bata wuce ashirin da 'yan kai ba amma rabin mutanenta suna ƙasa. Cikin 'yan kaɗan da suka dawo da rai akwai Duff Cooper, ƙaramin ma'aikaci a ma'aikatar harkokin waje, ba sarauta ba dukiya, tace shi take so. Iyayen basu so ba ko kaɗan, uwar tana hango mata gidan da yafi nasu ma, amma dai a 1919 aka ɗaura.

To anan ne maganar fim ta shigo, kuma abinda yasa na kasa sakin labarin kenan. Ni da farko na ɗauka irin sha'awar 'ya'yan masu hali ce, ayi na wata biyu a gaji a bari. Ashe kuɗi take nema, kuɗin cefane da na gaban mijinta. Shi Duff siyasa yake so, kuma bazai iya ajiye aikin gwamnati ya tsaya takara ba sai da abin hannu, ita kuma abinda take dashi fuskarta ce da sunanta, sai ta fita dasu kasuwa. A 1922 ta fito a The Glorious Adventure na J. Stuart Blackton, fim mara magana akan zamanin Sarki Charles na biyu da gobarar Landan ta 1666, kuma ana lissafa shi cikin dogayen fina-finai masu kala na farko-farko a Birtaniya. Shekara na zagayowa ta sake fitowa a The Virgin Queen a matsayin Sarauniya Elizabeth ta farko. Kiyi tunanin surutun da dangi suka sha a lokacin, ɗiyar Belvoir da hoda a fuska ana bata umarni tsaya nan, juya can, ana biyanta lada.

Wanda yafi wahalar ma ba fim bane, wasan dandamali ne mai suna The Miracle na Max Reinhardt, da aka buɗe a New York farkon 1924. An maida gidan wasan kamar ƙatuwar coci, ita kuma ta fito a matsayin mutum-mutumin Maryama irin wanda ake ajiyewa a cocin Katolika, wanda daga baya yake motsawa ya sauko. Ma'ana sai ta tsaya ƙyam cikin kaya masu nauyi tsawon lokaci, ba motsi ba tari ba sosa hanci, dubban mutane sun zuba mata ido, yau da gobe da jibi, gari bayan gari a Amurka har shekaru. Ni da na taɓa tsayuwar kanti a aikin hutu nasan yadda ƙafa take yi in dare yayi, balle wadda aka hana ko gyara tsayuwa. Da wannan kuɗin Duff ya ajiye aiki, ya tsaya a Oldham a 1924 kuma yaci kujerar majalisa. Mutumin da daga baya ya ajiye muƙamin minista a 1938 saboda bai yarda da yarjejeniyar Munich da akayi da Hitler ba, ya zama jakadan Birtaniya a Faris daga 1944, tushen tafiyarsa gumin matarsa ne.

A hanyar dawowa muka yi ta musu da ƙawata. Ita tace Diana wauta tayi, don kowa ya sani Duff bai riƙe mata amana ba, neman mata yake har tsufansa kuma tana sane. Abin ya min ciwo nima, har yanzu da nake rubutun nan yana min ciwo. Amma nace mata ban yarda ace wauta bane, matar nan ta zaɓi mijinta da kanta, ta zaɓi sana'a da kanta a lokacin da mata irinta ko jakar hannunsu basa ɗauka, kuma ba wanda ya isa yace wani ne ya ciyar da ita. Tace to ai shi ya mori abin. Nace ita ma ta mori rayuwarta, bamu dai daidaita ba har muka shigo gari.

Da daddare na kira Yaya na bata labarin, tace "ke auta, karatu aka tura ki ko tarihin 'yan fim?" Nace Yaya ki bari kiji ƙarshen. A 1952 aka baiwa Duff sarautar Viscount Norwich, ita kuma taƙi amsa sabon sunan, tace a cigaba da kiranta Lady Diana Cooper. Ya rasu 1954, ita ta kai har 1986, ta rubuta tarihin rayuwarta littafi uku, ɗansu ɗaya tilo John Julius Norwich ya zama marubucin tarihi sananne. Yaya tace in na samo fim ɗin gobarar in turo mata ta gani ko kyan da ake faɗa gaskiya ne, nace gobe in Allah ya kaimu zan duba bayan na gama aikin da zan miƙa Litinin.