Kwana uku ina bin inuwa a jami'ar Kumasi

Ziyarar kawuna ce ta kai ni Kumasi. Da na ga babban titin Akara ne kawai ya raba unguwarsu ta Zangon Ayigya da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, sai na roƙe shi ya ɗaga mini ƙafa kwana uku. Zanen gini na karanta, kuma tun muna aji ake nuna mana hotunan wurin.

"Je ka, ɗana," in ji shi. "In ka ɓata, ka tambayi hanyar Tek. Ba mai kiran dogon sunan nan."

Ranar farko asara na yi. Na shiga ta babbar ƙofa, wadda aka ƙera da siffar kujerar sarautar Ashanti, abin da ya dace ƙwarai tunda Sarkin Ashanti Prempeh na Biyu ne ya ba da filin. Daga nan na yi ta ɗaukar hoto da tsakar rana, ina gaggawar gama komai. Da dare na duba, sai kankare iri ɗaya. Tarihin ma a kaina yake kamar hadda: an buɗe ta a Janairun 1952 a matsayin kwalejin fasaha, da ɗaliban koyon malanta 200 da aka kwaso daga kwalejin Achimota ta Akara, ta zama jami'a a 1961, aka cire sunan Nkrumah bayan juyin mulkin 1966, aka mayar a 1998. Amma ban fahimci gini ko ɗaya ba.

Washegari na bar waya a aljihu, na ɗauki littafi da fensir da kamfas mai nuna arewa. Wajen ƙarfe biyu, lokacin da zufa ke manne riga a jiki, na tsaya a ɗakin koyon aikin injuna da kamfanin James Cubitt ya zana a shekarun 1950. Rufinsa na kan wasu ƙafafun kankare masu reshe biyu kamar gwafa, da tagogi can sama. Iska mai zafi tashi take yi, to an buɗe mata mafita, haske kuma na sauka ba tare da rana ta doki mai aiki ba. Na fi awa guda a wurin, na zana rufin sau huɗu kafin ya fito daidai. Wannan abu ne da hoto ba ya nunawa, sai fata ta ji.

Daga nan na koyi fara tambayar gini ina ya sa gaba. Masaukin ɗalibai na Unity, wanda suke kira Conti, dogayen benaye biyu ne sirara, domin iska ta ratsa ɗaki ta fice. John Owusu Addo, ɗan Ghana, shi ya zana shi tare da Miro Marasović daga Yugoslabiya. Da na yi mamakin abin da ya kawo mutumin Yugoslabiya Kumasi, sai na tuna abotar Nkrumah da Tito, shugaban Yugoslabiya na lokacin, a ƙungiyar 'yan ba-ruwanmu. Ashe har siyasar duniya tana kwance a cikin siminti. Hannunsu ne kuma a kulob ɗin manyan ma'aikata, wanda ya fi kwanta mini a rai: an ɗaga shi kan ginshiƙai, ƙarƙashinsa inuwa ce zalla.

A rana ta uku na kusa yin wani kuskuren. Har na fara ƙudurta kwafo waɗannan buɗaɗɗun tagogi zuwa wata makaranta da nake zanawa a Kano. Ruwan sama ne ya tsare ni a wata baranda, ina kallon yadda faɗin rufi ke jefa shi nesa da bango, sai na farga. Zafin Kumasi mai laima ne, iska yake so. Namu busasshe ne, ga ƙurar hunturu, shi ya sa kakanninmu suka yi zaure mai kaurin bango da 'yan ƙananan tagogi.

Da na dawo gida na juya ajujuwan suka fuskanci arewa da kudu, na faɗaɗa baranda, na rage tagogin gabas, bangon kuma na ƙara masa kauri.