Kafin ka yi wa saba fomat, fara duba agogonta

A wajenmu maganin kowace cutar kwamfuta ɗaya ne, a yi fomat. Ta yi nauyi fomat, ta ƙi shiga intanet fomat, ko firinta ce ta ƙi aiki sai ka ji wani ya ce oga a goge kawai a zuba sabo. Ajiye saba a gida, wato kwamfutar da ke riƙe da fayiloli tana yi wa sauran na'urorin gidan hidima, shi ne ya raba ni da wannan ɗabi'a, don ita in ka goge ta ka goge hotunan bikin ƙanwarka da takardun makarantar yara gaba ɗaya, kuma wallahi ba wanda zai tsaya jin bayaninka.

Abin da nake da shi ba wani babban kaya ba ne. Tsohuwar laptop ce da gilashinta ya fashe, na zuba mata Debian, wani nau'in Linux da ake sawa a madadin Windows, a kai akwai Nextcloud na hotuna da takardu da kuma Jellyfin da na tara karatuttuka da bidiyon yara a ciki. Sai wata 'yar ƙaramar kwamfuta, Raspberry Pi 4, mai ɗauke da manhajar Pi-hole, ita ke tare tallace-tallace a duk wayoyin gidan. Manhajojin nan duk kyauta ne, rubutun da aka gina su da shi a buɗe yake kowa zai iya karantawa. Abin da na lura da shi tsawon lokaci shi ne da wuya ka samu laifin a jikin manhajar kanta, yawanci a ƙasa yake, wuta ko agogo ko kebul ko ƙura, ita manhajar kuka kawai take yi.

Na agogo shi ya fi ba ni mamaki. Pi 4 ba ta da agogo mai batir a jikinta irin na kwamfutar tebur, in an ɗauke wuta lokaci ya tsaya mata, in ta tashi sai ta tambayi sabobin lokaci a intanet ƙarfe nawa. To amma kafin ta kai gare su sai ta fassara sunansu zuwa lamba, aikin DNS ke nan, kuma ita ce DNS ɗin gidan, in kuma ka kunna mata tantance sa hannu na DNSSEC to ba za ta yarda da kowace amsa ba sai agogonta ya yi daidai, don sa hannun yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Ka ga an kulle mukullin ɗaki a cikin ɗakin ke nan. Wuta ta daɗe ba ta dawo ba, ta dawo, rauta ta kama, fitilu duk kore, amma ba wayar da ke buɗe komai, uwargida na cewa data ce ta ƙare, yara na cewa netwok ne. Umarni ɗaya, timedatectl, shi ke nuna maka cewa na'urar tana zaune a shekaranjiya. Gyaran kuma ba wuya, ko ka rubuta mata lambar sabar lokaci kai tsaye maimakon suna, ko ka sayi ɗan agogon DS3231 mai batir kamar kwabo ka maƙala mata. Pi 5 da ta fito a 2023 ita ta zo da agogonta, batir kawai za ka sa.

Sai caja. Pi 4 tana son bolt 5 da amp 3, mu kuma kowace cajar waya muka tsinta a durowa sai mu cusa mata. Za ta kama, har ta yi kwanaki lafiya, ranar da aiki ya yi mata yawa wutar ta sauka ƙasa da kusan bolt 4.63 sai ta fara rikicewa, faifan USB ya ɓace ya dawo, memori ya lalace. Kuma ta faɗa maka fa, in ka buga dmesg za ka ga gargaɗin ƙarancin wuta a rubuce ɓaro-ɓaro. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni me zai fara da shi nake ce masa ya nemi tsohuwar laptop mai ɗan sauran batir, ko na minti ashirin ne ya isa ta tsallake lokacin da ake juyawa daga wutar gari zuwa inbata ko janareto. Sai dai a tuna a shiga fayil ɗin logind.conf a mayar da HandleLidSwitch zuwa ignore, in ba haka ba kana rufe murfin ta yi barci.

Yawancin bayanan koyarwa da ke intanet mutanen Turai da Amurka ne suka rubuta su, kuma sun rubuta ne da wutarsu da intanet ɗinsu a zuciya, ba sharri ba ne, ba su san halinmu ba ne kawai. Za su ce ka buɗe ƙofa a rauta don ka shiga sabarka daga waje. Ka buɗe, ka sake buɗewa, ba abin da zai faru, saboda mu da ke amfani da layin waya yawanci kamfani ya haɗa mu da tarin mutane a bayan lamba ɗaya, abin da ake kira CGNAT. Duba lambar da rautarka ta samu daga waje, in ta fara da 100.64 har zuwa 100.127, ko da 10, to daina wahalar da kanka. WireGuard ne mafita, wato VPN mai haɗa na'urorinka ta ɓoyayyiyar hanya, wanda ya shiga cikin Linux kanta a 2020, amma shi ma sai da wata saba a waje mai lambar kanta da za ku haɗu a can, ko ka ɗauki Tailscale da aka gina a kansa ka huta.

Ƙura da zafi ba sai na tsawaita ba. Bayan hunturu a buɗe a hure fanka, da bazara kuma a sauke na'urar daga saman kwaba kusa da kwano, Pi tana fara rage gudunta da kanta in ta kai digiri 80.

Akwai kuma wani tarko a fstab, fayil ɗin da ke gaya wa Linux faifan da za ta ɗaura in ta tashi. In ka rubuta faifai da sunan sdb, gobe ka ƙara filasha sunayen su canza, ko faifan ya makara wajen tashi, sai na'urar ta tsaya a yanayin gaggawa tana jiran a buga mata fasawod, alhali ba allo ba madannai a jikinta, kai kuma kana can kana zargin Nextcloud. Rubuta UUID, wato lambar shaidar faifan da ba ta canzawa don an ƙara filasha, ka ƙara kalmar nofail, shi ke nan.

Duk waɗannan a log na gano su, wato rubutun da na'ura ke yi wa kanta na abin da ya faru. journalctl -b -1 yana nuna maka abin da ta faɗa kafin ta mutu a tashin baya, df -h kuma yana nuna ko faifai ne ya cika, wanda shi ma yakan zo da siffar wata cuta daban. Mutane na tsoron baƙin allon nan mai tarin Turanci, amma layi biyu ko uku kawai kake nema, masu ja ko masu cewa wani abu ya gaza. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda a gwada, in ka taɓa biyar ta gyaru ba ka san wanne ne ya yi aiki ba, gobe in ta dawo ka koma farko.

A watan Maris na 2024 wani injiniya mai aiki a kan manhajar adana bayanai ta PostgreSQL, Andres Freund, ya lura shiga ta ssh, hanyar da ake shiga saba daga wata kwamfuta, na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Ni da kai da mun ce netwok ne. Shi ya bi diddigi har ya tono ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, da aka dasa a xz 5.6.0 da 5.6.1, ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. Abin ya shiga rassan gwaji na Debian amma bai kai ga tsayayyen reshe ba, kuma a kan tsayayyen nake zaune har yau, ko da abokai na tsokanata wai kayana tsofaffi ne. Afdet na tsaro nakan bari ya shiga da kansa, manyan kuma sai ranar Asabar da hantsi in sola ta cika batir, bayan na kwafe komai a wani faifai daban na kuma buɗe 'yan hotuna daga cikinsa na tabbatar suna buɗuwa.