Haƙorin da ya yi shiru

A shekarata ta farko ta duba marasa lafiya a sashen haƙori, ana saura kwana 10 sallah ƙarama, wani dattijon tela ya zauna a kujerata dafe da kunci. Turmin ƙasa ne na hagu, na biyu daga ƙurya, da kogo baƙi ƙirin a gefensa. Ya ce kwana huɗu bai runtsa ba. Da rana da dama-dama, amma da zarar ya kai haƙarƙari ƙasa sai zogin ya taso har cikin kunne. Ruwan sanyi na buɗa-baki kuwa, in ya taɓa wurin, sai ya ɗau mintuna yana riƙe da kai.

Na gane ciwon nan take, don shi aka fi nanata mana a aji. Mutane na ɗaukar haƙori busasshen ƙashi ne, alhali yana da rai. Ƙarƙashin farin ɓawon nan, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, akwai wani ɗan ɗaki mai ɗauke da ɓargon haƙori: tsoka mai laushi, da jijiyoyin jini da na jin zafi. Mashigarsa ɗan tsukin rami ce a ƙarshen saiwa. Yatsa in ya kumbura, fata na buɗa masa wuri. Ɓargon haƙori ba shi da inda za shi, bango ta ko'ina, sai kumburin ya matse jijiyoyinsa. Shi ya sa kwanciya ke tsananta shi, jini ya ƙaru a kai. Muddin zafin sanyi ko zaƙi na wucewa cikin daƙiƙa kaɗan, a share kogon a yi ciko ya wadatar. In ya fara jimawa, ko yana tasowa haka kawai cikin dare, ɓargon ba ya komawa daidai.

Na ce masa, “Baba, abu biyu ne: ko a cire jijiyar a wanke cikin saiwar a cike, ko a cire haƙorin.” Ya ce, “Likita, ɗinkin mutane ne jibge a kaina. A taimaka a bar ni sai bayan sallah.” Na tausaya masa. Na rubuta maganin zafi da amoksisilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, na ce ya dawo bayan sallah.

Bayan kusan wata biyu ɗansa ya shigo da shi riƙe. Ƙarƙashin haɓarsa ya kumbura hagu da dama, in ka taɓa kamar katako. Harshe ya tashi ya tokari ganɗa, yawu na zuba, bakin ko yatsa biyu ba sa shiga. Ya ƙi kwanciya, don in ya kwanta numfashi na sarƙewa. Maganar da ɗan ya yi har yau tana kunnena: “Ai likita, ciwon ya warke tun kafin sallah. Har sadaka Baba ya yi.”

Bai warke ba. Ɓargon ne ya mutu, matacciyar jijiya kuwa ba ta kai ƙara. Ƙwayoyin cuta suka samu ɗaki a rufe suka yi ta yaɗo, sannan suka bi ta ramin saiwa suka sauka cikin ƙashin muƙamuƙi. Daga nan kowa da yadda take zuwar masa. Wani zai ji haƙorin kamar ya fi sauran tsawo, ba ya iya tauna a kansa. Wani mugunya za ta huda ƙashi ta fito a dasashi, ɗan ƙurji ya fashe ya dawo, shekara da shekaru, mai shi na cewa ƙurjin zafi ne. Wani kuma wata jaka ce mai ruwa za ta yi ta girma a ƙarshen saiwar tana cin ƙashi ba ciwo, sai an ɗauki hoto a gan ta. Na Baba ya bi hanya mafi muni. Saiwar turamen ƙasa na ƙurya takan zarce tsokar da ta shimfiɗe ƙasan baki, don haka mugunyar ta gangara wuya. Wani likitan Jamus, Ludwig, ya bayyana wannan kumburi a 1836, har yau da sunansa ake kiran sa, kuma yana kisa ta hanyar toshe maƙogwaro.

Da aka shiga da shi tiyata, babbar likitar da ke koyar da mu ta ja ni gefe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Ka gaya masa ciwon zai daina da kansa?” Na ce a'a. Ta ce, “Amoksisilin ɗin fa, wa zai kai shi cikin haƙorin?” Nan na yi shiru. Jini ke kai magani inda ake bukata, ɓargon da ya mutu kuwa jini ba ya shigarsa. Ƙwayar magani na iya lafar da kumburin da ke kewaye, amma gidan cutar na nan sai an buɗe an wanke ko an cire. Na san wannan, na ma rubuta shi a jarrabawa. Abin da ban yi ba shi ne faɗa wa mai haƙorin da harshen da zai tafi da shi gida.

Ba na ganin laifin masu sa kanumfari a haƙori mai ciwo. Yana kashe zafi da gaske, mu ma akwai mansa a cikin wani cikon wucin gadi da muke yi. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne dasashin da aka ɗora wa asfirin ya ƙone ya yi fari fat, da masu ɗiga ruwan batir a kogo don a kashe “tsutsa”, su ji shiru su gode wa Allah.

Baba ya rayu. An tsaga ƙarƙashin haɓa an zubar da mugunyar, an cire turmin, ya yi kwana 9 a gadon asibiti, a nan ne ma aka gano yana da ciwon suga, wanda ya ƙara wa cutar gudu. Tun daga ranar, duk wanda ya ce in bar shi sai bayan biki ko bayan girbi, ba na sallamarsa sai na zana masa haƙori a bayan katinsa, na nuna masa ɗakin da ramin saiwar. Sai in ce, “Nan da 'yan kwanaki za ka ji ya daina. Ranar da ya daina, ka zo. In kuwa ka ga kumburi a ƙarƙashin haɓa, ko haɗiyar yawu ta gagara, ko da tsakar dare ne kada ka jira gari ya waye.”