Ƙulli bakwai a akwatin Limoj

Jiya na miƙa makullin ɗakin ajiya, bayan wata 18 ina koyon aiki a wani ƙaramin gidan tarihi a Faransa. Abin da ya ƙi barin raina shi ne ranar da na buɗe wani akwatin Limoj, wato ma'ajin ƙasusuwan waliyyan Kiristoci da aka ƙera a birnin Limoj na Faransa.

Masu aikin sun san irinsa: katako ne aka lulluɓe da farantan jan ƙarfe, aka sassaƙa musu ramuka, aka cika da garin shuɗin gilashi aka gasa, sannan aka shafa zinariya. A jikin namu an zana kisan Thomas Becket, babban limamin Kantabari ta Ingila da aka sare a cikin coci a 1170. A ciki kuwa ƙulli bakwai ne na alharini, kowanne kamar laya, ɗauke da ɓarɓashin ƙashin wani waliyyinsu, an maƙala masa 'yar siririyar fata mai sunansa da Latin.

Ɗoki ya ɗebe ni. Na sa matsefata na zare fata biyu don in ɗauki hotonsu a shimfiɗe, sai aka kira ni a waya. Ko da na dawo, na rasa wacce ce ta wane ƙulli. Ƙashi ba ya faɗin mai shi, fatar nan ce kaɗai shaida. Ɗaruruwan shekaru mutane na takowa a ƙafa don su durƙusa gaban waɗannan sunaye, ni kuwa na raba su da masu su cikin minti biyar. Ba addinina ba ne, amma amana ce aka damƙa mini, kwana uku ban yi barcin kirki ba.

Shugabar sashe ta sa sunana a rahoto, kuma na cancanta. Sai dai ita ce ta bar ɗan koyo shi kaɗai da akwatin, abin da ƙa'ida ta hana, wannan kuwa bai shiga rahoton ba. Har yau yana ci mini rai.

Shawarata ga 'yan koyo na baya: hoto kafin taɓi. Ƙulli ɗaya a kan tebur, waya a kashe. In babba ya ce ka yi aiki kai kaɗai, ya sa a rubuce.

Ba kuskure kaɗai na bari a can ba. Akwai wata 'yar kwalbar farin dutse, aikin Masar zamanin daular Fatimiyya, da Kiristoci suka mayar ma'ajin ƙashi. Zanen da ke wuyanta an shigar da shi rajista a matsayin ado kawai. Ni na karanta musu shi, tsohon rubutun Larabci ne na Kufi, "baraka li sahibihi" (albarka ga mai shi), da idon da na samo a makarantar allo. An gyara katin, da rubutun hannuna.